Yadda ake ziyartar Tokiyo ba tare da ka ɓata, ka sha yunwa ko sallah ta wuce ka ba

Kafin mu zo maganar biza da tikiti, buɗe akwatin nan ka ciro kilishin. Na san ba a banza aka sa maka shi ba. An ji ƙasar da ake cin alade za ka, aka ce ga guzuri. To Japan ba ta yarda matafiyi ya shigo mata da nama ba, ɗanye ne, busasshe ne ko soyayye. A wurin ɗaukar kaya na filin jirgin Narita za ka ga 'yan ƙananan karnuka masu faɗin kunne suna bin akwatuna suna sunsuna, kuma da kare ya zauna a gindin akwatinka zance ya ƙare. Dokarsu ta tanadi tarar da ta kai yen (kuɗin Japan) miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Dambun nama da soyen layya duk hukuncinsu ɗaya. Ɗanyen goro da 'ya'yan itatuwa ma sai da takardar binciken tsirrai, wadda ba ka da ita, don haka ka bar su a gida. Maganin tari da na mura masu ɗauke da kodin su ma akwai ƙa'ida mai tsauri a kansu. In kana shan wani magani kullum, riƙe shi a kwalinsa na asali tare da takardar likita.

Abubuwa uku ne ke wahalar da mutumin wajenmu a Tokiyo: jirgin ƙasa, abinci da sallah. In ka warware su tun kana gida, sauran duk yawo ne.

Shirin gida

Ofishin jakadancin Japan a Najeriya yana Abuja, na Gana yana Akara, na Kamaru yana Yawunde. Duba shafinsu na intanet ka ga inda ake miƙa takardu a lokacin da za ka nema. Abin da za su so gani: fasfo, hoto, takardar banki, shaidar aikinka ko sana'arka, da jadawalin tafiyar rana bayan rana, wato ranar kaza ina otal kaza, zan je wuri kaza. Wannan jadawalin kada ka yi masa rubutun ganin dama. Mutane ne masu son su ga abu a tsare, kuma tun daga nan suke fara auna ka. Bizar ziyara ba ta ba ka damar yin aiki ba, ko na kwana ɗaya.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya ko Nijar kai-tsaye zuwa Japan. Sai ka yada zango a Adis Ababa, Alƙahira, Doha, Dubai ko Istanbul. Agogon Japan yana gaban namu da awa 8, saboda haka kwana biyun farko za ka riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ido biyu da tsakar dare. Kada ka sa wani muhimmin abu a ranar da ka sauka.

Lokacin zuwa kuwa, ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ne furen bishiyar sakura ke buɗewa, gari ya yi kyau, otal ya yi tsada. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu ranakun hutun ƙasa ne kusan a jere, Japanawa kansu na kan hanya, wuri ko'ina a cike. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce. Agusta kada ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne, zafi ba ya ba ni tsoro. Nasu zafin mai gumi ne, irin wanda riga ke manne wa jiki tun ƙarfe takwas na safe. Ni dai in za a bi ta tawa, Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba ya fi. Janairu da Fabrairu sanyi ne da ya ninka hunturunmu, amma a lokacin ne sama ke washewa har a hango Dutsen Fuji daga cikin birni.

Naira da sefa ba su da mai canji a Tokiyo. Tafi da dala, ka canja wani abu tun a filin jirgi. In kana da katin banki mai aiki a ƙasashen waje, na'urorin ATM na shagunan 7-Eleven da na gidan waya suna karɓarsa. Kuɗin hannu da ya haura yen miliyan 1 sai ka bayyana wa kwastam. Wutarsu bolt 100 ce, soket ɗinsu mai baki biyu masu faɗi, ba irin namu mai uku ba. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci ba ruwansu, mahaɗi kawai za ka saya, amma dutsen guga da butar lantarki na gida ba za su yi maka aiki ba. Sannan ka cika bayananka a shafin Visit Japan Web tun kafin ka hau jirgi, ka ɗauki hoton lambar da zai ba ka. A teburin shige da fice za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka biyu.

Daga filin jirgi zuwa gari

Filayen jirgi biyu ne. Haneda yana gefen birni, minti ashirin ya kai ka Shinagawa ko Hamamatsucho. Narita kuwa yana wata jiha daban, Chiba, kimanin kilomita 60 daga tsakiyar gari. Daga Narita kada ka kuskura ka tare tasi, kuɗin otal ɗin kwana biyu ne zai tafi. Akwai jirgin ƙasa Narita Express mai zuwa tashar Tokiyo cikin kusan awa guda, ya wuce Shinjuku da Shibuya. Akwai wani jirgin, Skyliner, mai kai ka Ueno cikin minti arba'in da 'yan kai. Akwai kuma bas ga mai kaya da yawa.

Kafin ka bar filin jirgin yi abu biyu. Sami intanet, ko dai layin waya na baƙi ko 'yar na'urar nan ta aljihu da ake haya. Ba don WhatsApp kaɗai ba: titunan Tokiyo galibi ba su da suna, adireshi lambobi ne na unguwa da rukuni da gida, har direban tasi da taswirar waya yake aiki. Na biyu, sayi katin Suica ko Pasmo. Kati ne da kake zuba wa kuɗi, ka ɗora shi a ƙofar shiga tasha, ka sake ɗorawa a ta fita, ya cire abin da tafiyar ta ci. Yana aiki a jirgi, a bas, a shago, a injin sayar da lemo. Akwai na baƙi mai suna Welcome Suica wanda ke aiki kwana 28, kuma mai iPhone na iya sa Suica a cikin wayarsa. Da wannan katin ka huta da tsayawa gaban allo kana lissafin kuɗin tikiti.

Jirgin ƙasa, uwar tafiyar

In ka kalli taswirar jiragen Tokiyo karon farko, sai ka ce taliya aka zubar a faranti. Kada ka tsaya haddace ta. Layi ɗaya za ka fara kamawa, Yamanote, mai launin kore. Zobe ne da ya kewaye tsakiyar birni, tasha 30, kilomita 34 da rabi, zagaye ɗaya awa guda da 'yan mintoci. Manyan unguwannin da baƙo ke nema kusan duk a kansa suke: Tokiyo, Akihabara, Ueno, Ikebukuro, Shinjuku, Harajuku, Shibuya, Shinagawa. Alherinsa shi ne ko ka hau ta ɓangaren da ba daidai ba, zai kawo ka inda za ka, sai dai ka daɗe. Ranar farko ka hau shi ka zauna gefen taga ka yi zagaye ɗaya cur ba tare da ka sauka ba. Daga nan garin zai zauna maka a kai.

Bayan shi sai jiragen ƙarƙashin ƙasa, layi 13 na kamfanoni biyu, Tokyo Metro mai 9 da Toei mai 4. Kowane layi da launinsa da harafinsa, kowace tasha da lambarta. Layin Ginza, wanda aka buɗe a 1927, harafinsa G: Shibuya ce G01, Asakusa G19. In kana G09 ka ga tasha ta gaba G08 alhali Asakusa za ka, ka san baya kake yi, sauka ka tsallaka. Ba ka buƙatar iya karatun Japananci, ƙirga kawai.

Ga yadda za ka yi kowace tafiya. Rubuta inda za ka a Google Maps. Zai ba ka layi, lambar dandamalin da jirgin ke tsayawa, mintin tashi, da kuma lambar ƙofar fita. Wannan na ƙarshen shi ne wanda baƙo ke rainawa, kuma shi ke kayar da shi. Tashar Shinjuku ana ƙiyasta mutum fiye da miliyan 3 ke ratsa ta kowace rana, ƙofofin fitarta sun haura 200. Ni na yi wannan gangancin. Na ce ai fita fita ce, na bi ƙofar da ta fi kusa, na ɓullo gefen yamma cikin dogayen ofisoshi alhali otal ɗina yana gabas. Na koma ciki, na sake fitowa wani wurin daban. Ina tsaye da akwati gaban wani allo, wani dattijo mai jakar ofis ya tsaya, ya leƙa wayata, bai ce komai ba sai ya yi mini alamar in biyo shi. Ya yi tafiyar da ta kai minti goma da ni, hawa da sauka, ya nuna mini ƙofar da yatsa, ya ɗan rusuna, ya juya da sauri ya koma inda muka fito. Tun daga ranar, ba na barin dandamali sai na nemo allon nan mai ruwan ɗorawa da ke jera ƙofofi.

Ka kuma lura da irin jirgin. A wasu layukan akwai mai tsayawa kowace tasha, akwai mai tsallake ƙanana. In taswira ta ce na 10:14, to na 10:14 take nufi. Wanda ya zo 10:11 a dandamali ɗaya wataƙila wani gari za shi. Ƙasa ce da in jirgi ya makara minti biyar ake ba fasinja takardar shaida ya kai wa maigidansa a ofis.

A dandamali akwai zane a ƙasa inda ƙofa za ta tsaya. A nan ake yin layi, a bar masu sauka su gama fita, sannan a shiga. Tsakanin bakwai da rabi zuwa tara da rabi na safe kada ka shiga da akwati, matsin ya wuce misali. A waɗannan sa'o'in, a wasu layukan, akwai taragon mata zalla mai alama ruwan hoda. Hajiya ta neme shi, Alhaji kuma ya kiyaye. A matakala mai tafiya da kanta, mutanen Tokiyo hagu suke tsayawa su bar dama ga mai sauri (a Osaka akasin haka ne). Jirage na tsayawa wajen sha biyun dare zuwa ɗaya, sai biyar na asuba. Wanda ya rasa na ƙarshe sai tasi, ga ƙarin kuɗin dare. Ƙofar tasi kuma direba ke buɗe ta daga mazauninsa, kada ka ja.

Sai maganar shiru. Ba a amsa waya a cikin jirgi. Ranar ta biyu wayata ta yi ƙara, na ga daga gida ne, na ɗauka da cikakkiyar sallama, na shiga ya gida ya yara ya muka ji da zafi. Ban kai ga ya kasuwa ba na ankara muryata ce kaɗai a taragon da ke ɗauke da mutum sama da ɗari. Ba wanda ya ce mini uffan, ba wanda ya harare ni. Wata mata da ke kusa da ni ta dai ƙara sunkuyar da kai cikin littafinta. Da a ce zagi aka yi da ya fi mini sauƙi.

Masauki

Nemi otal da ke tafiyar minti biyar zuwa wata tashar Yamanote. Ueno da Okachimachi su nake ba mutanenmu shawara: sun fi Shinjuku araha, jirgin Narita na zuwa kai-tsaye, ga kasuwa, ga masallaci. Ɗakin otal na matsakaicin kuɗi ƙanƙane ne ƙwarai, in ka buɗe akwati ka shimfiɗa darduma wuri ya ƙare, amma tsaf yake. Ba a ba da ɗaki sai ƙarfe uku na rana, sai dai za su ajiye maka kaya. Za su ɗauki hoton fasfonka, doka ce.

Banɗakinsu kuwa, nan Musulmi zai ji kamar don shi aka ƙera. Masai ne mai fesa ruwan tsarki, mai ɗumi ma, ba ka buƙatar buta. Maɓallin da aka rubuta おしり shi ke fesa ruwa, 止 shi ke tsayarwa, 流す shi ke kora. Ka nemo na tsayarwa kafin ka danna na fesawa, kuma kada ka miƙe ruwa na zuba. A banɗakin jama'a akwai wani jan maɓalli na neman agaji. Baƙi da yawa sun danna shi da zaton na kora ruwa ne.

Abin da za ka sa a baki

A nan sai ka buɗe ido, domin matsalar ba yankan alade da ake gani a faranti ba ce, abin da ke ɓoye cikin romo da miya ne. Taliyar ramen da ta yi suna, mafi yawanta da ƙashin alade ake dafa romonta, ko da kaza ko kayan lambu ka gani a sama. Miyar kori ta shinkafa sau da yawa akwai kitsen alade. Sannan girkinsu na gargajiya ana zuba masa giyar shinkafa, sake, da 'yar'uwarta mai zaƙi, mirin. Ajiye waɗannan a wayarka ka riƙa gwadawa da bayan leda: 豚 alade, ラード kitsen alade, ゼラチン jelatin, 酒 giya, みりん mirin. Manhajar fassara ta Google tana karanta rubutu ta kyamara, ka ɗora ta a kan jerin kayan haɗi. Kada ka tsaya tambayar mai shago ko abincin halal ne, sau da yawa bai san kalmar ba, kuma kunya za ta sa ya ce eh. Tambaye shi kai-tsaye: "Butaniku haitte imasu ka?", wato akwai naman alade a ciki?

Me ya rage? Da yawa. Kifi gasasshe da shinkafa fara. Ƙananan shagunan nan na kowane lungu da suke kira konbini, 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, ba sa rufewa dare da rana. Akwai dafaffen ƙwai, ayaba, madara, gasasshen dankalin Hausa a lokacin sanyi, da onigiri, curin shinkafa mai kusurwa uku a naɗe cikin ganyen teku. Wanda aka yi da gishiri kaɗai ya fi kwanciyar hankali, sauran ka duba bayansu. Gidajen abincin Indiyawa, 'yan Pakistan, 'yan Nepal da Turkawa suna ko'ina, da yawansu da takardar halal a manne a ƙofa. A Asakusa da Shinjuku akwai gidajen ramen da na gasasshen naman sa na halal, sai dai su kan cika, ka je da wuri. In kuma tafiyar ta kwana da yawa ce, sauka a tashar Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Shinjuku. Dab da ita akwai wani lungu da ake kira Islam Yokocho, lungun Musulunci ke nan, cike da shagunan naman halal, shinkafa, kayan yaji da dabino. Ƙamshin wurin kaɗai zai sa ka ji ka dawo cikin mutane.

Shayin da ke cikin gora a injin titi koren shayi ne, ba sukari ba madara, ɗaci-ɗaci. Mai jar alama a ƙarƙashinsa da zafi zai fito, mai shuɗiya da sanyi. Ruwan famfo ana sha. A gidan abinci ba a barin wa ma'aikaci ɗan wani abu. In ka bar canji a tebur zai biyo ka titi da shi. Kuɗi a ɗan faranti ake ajiyewa, ba a hannu ba. In ba ka iya tsinken cin abinci ba, nemi cokali, ba abin kunya ba ne. In kuwa za ka gwada, kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani abinci daga tsinkenka zuwa nasa. Duka biyun al'adar jana'izarsu ce.

Sallah

Ga abin da zai ba ka dariya: a Tokiyo alƙibla tana yamma. Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, a can sai ka ba gabas baya, ka fuskanci yamma ka ɗan karkata arewa. Sa manhajar alƙibla da ta lokutan sallah, domin ba za ka ji kiran sallah ba, kuma lokutan na sauyawa ƙwarai. A watan Yuni rana na fitowa kafin huɗu da rabi na safe, a Disamba kuma wajen huɗu da rabi na yamma an yi magariba.

Babban masallacin birnin shi ne Tokyo Camii, tafiyar minti biyar daga tashar Yoyogi-Uehara, wadda layin Odakyu daga Shinjuku da layin Chiyoda ke zuwa. Musulmi Tatar da suka yi hijira daga Rasha ne suka fara gina shi a 1938, aka sake gina shi a 2000 da taimakon Turkiyya, da ƙubba da hasumiya irin na Istanbul. Akwai shagon kayan halal a harabarsa. Ranar Juma'a ka je da wuri, sahu har waje yake kaiwa, kuma a nan za ka haɗu da 'yan Afirka ta Yamma. Akwai wani masallacin a Otsuka, akwai a Okachimachi, akwai a Asakusa, ƙanana ne a cikin benaye. Narita da Haneda duk suna da ɗakin sallah, haka tashar Tokiyo. Shawarata ka yi alwala a otal kafin ka fita, ka sa ƙaramar darduma a jaka. Ɗaga ƙafa a kan wurin wanke hannu na banɗakin jama'a abu ne da suke ƙyama ƙwarai.

Inda za ka taka

Fara da Asakusa da sassafe, kafin taro. Haikalin Sensoji shi ne mafi tsufa a birnin, ƙofarsa Kaminarimon da ƙatuwar jar fitilar takarda ita ce hoton da kowa ke ɗauka. Wurin ibadarsu ne na addinin Buda. Ka kalli gini, ka ratsa layin 'yan tsaraba, ba wanda zai ce ka yi wani abu. Daga bakin kogin Sumida za ka hango Skytree, hasumiya mai tsawon mita 634 da aka buɗe a 2012. Hawanta da kuɗi. Wanda ke son ganin birnin daga sama kyauta, ya je ginin gwamnatin Tokiyo a Shinjuku, hawa na 45, mita 202. Daga can ne za ka gane abin da ake nufi da mutum miliyan 14 a birni, kusan miliyan 37 in an haɗa da kewaye: gini ne har inda ido ya ƙare, ta ko'ina.

Ɗan kasuwa kuwa wurare uku ne nasa. Ameyoko, tsakanin Ueno da Okachimachi, a ƙarƙashin gadar jirgi; ta faro ne a matsayin kasuwar bayan fage bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har yau ita ce wurin da za ka ji ana ƙwala kiran mai saye, a ɗan taɓa ciniki. Sauran shagunan birnin farashi a rubuce yake, taya kaya ba ya cikin al'ada. Sai Nippori, titin 'yan yadi, shaguna a jere na auduga da siliki da kayan ɗinki. Mutumin Kantin Kwari zai iya wuni a nan. Sai Akihabara ta kayan lantarki, inda za ka tuna maganar bolt 100 kafin ka sayi abin da zai ƙone ranar da ka sa shi a soket ɗin gida. Masu tunanin mota su ma su tuna sitiyarin motocin Japan a dama yake, mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Shibuya ka je da magariba ka tsaya ka ga mahaɗar nan da ake tsayar da motoci ta kowane ɓangare mutane su kwararo lokaci ɗaya, ba mai bangazar wani. Minti goma sha biyar ya isa. In hayaniya ta ishe ka, dajin Meiji Jingu yana bayan tashar Harajuku, itatuwa dubu 100 da jama'a suka bayar aka dasa lokacin gina wurin a 1920. Lambun gabas na fadar Sarki, inda fadar Edo take a da kafin a sauya wa garin suna daga Edo zuwa Tokiyo a 1868, shiga kyauta ne, amma a rufe yake Litinin da Juma'a.

Duk inda za ka, sa 'yar leda a aljihu. Kwandon shara ya yi ƙaranci a titi da tashoshi tun bayan harin iskar guba da aka kai jirgin ƙarƙashin ƙasa a Maris 1995, kowa da sharar sa yake komawa gida. Ka sa takalmi mai sauƙin cirewa da safa marar huda, domin duk inda ka ga dandamali ya ɗan ɗaga daga ƙofa, ko tabarmar tatami, cire takalmi ake yi. Wannan dai ba baƙon abu ba ne gare mu. Harshen ma ba zai yi maka nauyi a baki ba, wasulansu biyar ne irin namu, da ja da gajarta. "Sumimasen" ita ce gafara dai, ita ce don Allah, ita ce yi haƙuri. "Arigato gozaimasu" na gode. Da waɗannan biyun na yi kwana goma.

In wani abu ya faru

Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, ainihinsa ba kwafi ba; doka ce a kan baƙo, kuma ɗan sanda na iya tsayar da kai ya nema. Baƙar fata ya fi fuskantar wannan, gaskiya ke nan. Nuna masa cikin natsuwa, minti biyu ne. Za ka kuma ga wani lokaci kujerar gefenka a jirgi ta zauna ba kowa alhali mutane na tsaye. Abin da ciwo, amma bai wuce nan ba. A unguwannin Kabukicho da Roppongi da dare akwai masu tare mutane a titi suna kiran su mashaya, wani ma zai kira ka ɗan'uwa. Wuce abinka, a nan ake yi wa baƙi lissafin da ba su ci ba.

Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da kashe gobara 119. Kusa da kowace babbar tasha akwai ɗan ofishin 'yan sanda da ake kira koban. In ka yar da waya ko walat, je can ko ofishin tasha ka faɗi layi da lokaci. Kayan da aka tsinta yawanci nan ake kai su. Asibiti da tsada ga wanda ba shi da inshorar tafiya, ka yi ta tun daga gida. Girgizar ƙasa ƙarama kuwa ba abin mamaki ba ce. In wayoyin da ke kewaye da kai suka ɗauki ƙara lokaci ɗaya, gargaɗi ne na 'yan daƙiƙu. Kada ka ruga waje, shiga ƙarƙashin tebur ka kare kanka, kada ka hau lif, sannan ka dubi abin da mutanen wurin ke yi ka bi su.

Ranar komawa, duba tikitinka da kyau ka ga Narita ne ko Haneda, domin tsakaninsu tafiyar fiye da awa guda ce. In akwatuna sun yi nauyi, otal zai iya tura maka su filin jirgi ta kamfanin kai kaya, amma sai ka ba da su kwana biyu kafin tashi. Sulallan da suka taru a aljihu, masu 100 da 500, kuɗi ne na gaske kuma ba mai canja maka su a gida, ka kashe su a konbini. Tsarabar alawa da biskit da ake jerawa a tashar Tokiyo cikin kwalaye masu kyau, ita ma juya bayanta ka ɗora kyamara kafin ka biya, don wasu da giya ko jelatin a ciki. Abin da bai taɓa ba ni kunya ba a gida shi ne abin yanke ƙumba na Japan, da laima mai naɗewa, da koren shayi ga wanda aka riga aka gaya wa ba a sa masa madara.